Wa Ke Riƙe da Umma?

Litinin, 3 ga Maris
Wasiƙa daga ofishin haraji. Sun ƙi karɓar sunan Umma a cikin waɗanda nake ɗauke da nauyinsu, wai wani ya riga ya shigar da ita a takardarsa. Wani! Shekara uku matar nan tana ɗakin da ke jikin nawa, tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, ni ke canza zanin gado kafin in fita aiki. Wane ne wanin?

Talata, 4 ga Maris
Na rubuta musu amsa lokacin hutun rana, a kan teburin ɗakin gwajin jini inda nake aiki, na ture kwalabe gefe. Ta farko na yaga, baƙar magana ta yi yawa. Ta biyun ma ba ta da ladabi sosai.

Alhamis, 6 ga Maris
Minti arba'in ina riƙe da waya suna kaɗa mini kiɗa. Sannan layin ya yanke.

Talata, 11 ga Maris
Na je da ƙafata. Taga ta huɗu, wata mata mai tabarau a saman goshi. Wai ba su da ikon faɗa mini ko waye. Wai in kawo shaidar cewa a gidana Umma take zaune. Na ce ta zo ta shinshina labulena ta ji warin man zafi. Ko murmushi. Ta ce in na tabbatar ɗayan ƙarya ya yi, za a bincike shi, a ci shi tara. Har na juya ta rage murya: "Baiwar Allah, ki fara tambayar 'yan uwanki. Yawanci a gida amsar take."
Ɗan uwa ɗaya gare ni a duniya.

Laraba, 12 ga Maris
Yaya ne. Bai ma musa ba. "To ai ni ma uwata ce." Na ce Yaya, maganin hawan jininta wane launi ne? Mutumin da sau biyu yake leƙowa a shekara, ya zauna a bakin kujera da makullin mota a hannu kamar wanda ake kora! Ya ce in daina ɗaga masa murya, ya girme ni. Na ce a takarda ma ashe ka girme ni.


Asabar, 15 ga Maris
Ina taje wa Umma kai na ba ta labari, ina jiran ta taya ni faɗa. Sai ta ce, "Ni na sa masa hannu. Da hagun."
Matajin ya tsaya mini a gashinta. Na ce Umma, me ya sa?
"Ya roƙe ni abu. Rabon da wani ya roƙe ni abu har na manta. Ke komai kin iya, ko gishirin miya ba kya tambayata."
Wato laifina ne da na iya. Madalla. Na ƙarasa kitson, kuma na san na ja da ƙarfi.

Alhamis, 20 ga Maris
Takardar likita, katin asibiti, wasiƙar mai gidan haya. Sai na tara takardu kafin a yarda uwata tawa ce.

Lahadi, 23 ga Maris
Yaya ya zo ba sanarwa. Na miƙa masa tawul da kwanon magani, na ce ina da aiki, na fita. Ba ni da aikin komai, tashar mota na je na zauna awa uku. Na dawo na same shi jiƙe da gumi, ya kasa mayar da Umma gado daga keken guragunta, tana ta gaya masa inda zai sa hannu, tana dariya. Dariya! Ni rabon da ta yi mini irinta...
Bai ba ni haƙuri ba. Ya dai ce, "Haka kike yi kullum?" Na ce sau huɗu.

Laraba, 26 ga Maris
Na gama wasiƙar ƙarshe. Sakin layi na uku duk a kan Yaya ne, da cikakken sunansa da adireshinsa. Ya ji a jikinsa.

Asabar, 29 ga Maris
Kafin in rufe ambulan na karanta wa Umma, don kawai in ji yadda take a kunne. Na zaci za ta roƙar wa ɗanta. Ba ta ko ambace shi ba. Ta ce, "Sau biyar kika ce nauyi."
Na duba. Biyar ne.
Na ce ai kalmarsu ce, haka take a takardar. Ta ce to.
Na sake kwafewa. Na sa "mahaifiyata tana zaune tare da ni." Na tambaye ta ko hakan ya yi, ta ce in ƙara "a ɗakin da rana ke shiga." Ba ruwan ofishin haraji da rana, amma na ƙara.
Sakin layi na uku bai shiga ba. Hannuna ne ya gaji.