Mai Duba Takalma

Juma'a, 4 ga Oktoba 2024
Wani baƙo ya zo sallah yau, dogon dattijo da jakar fata. Masallacinmu a kan falalen dutse yake, kowa a gindin dutsen yake tuɓe takalmi ya hau. Ana sallama mutumin nan ya riga kowa sauka. Na tarar da shi tsugunne yana juya takalman mutane ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Da ɓarawo ne da hankalina ya fi kwanciya.

Asabar, 5 ga Oktoba
Na gaya wa matata Shatu. Ta ce, "Kai dai Sahabi, ko akuya ta dube ka sai ka ce aiko ta anka yi." To, ta yi ta faɗa. Shekara ashirin ina fawa, daga tafiyar dabba nake gane mai ciwo, balle mutum.

Talata, 8 ga Oktoba
Kasuwar Mafara. Shanu sun yi tsada, hanya kuma sai addu'a. A mota ana ta zancen ƙauyen da ɓarayin daji suka shiga, wai sai da wani ya je ya ƙirga musu mazan garin tukuna. Wanda ya ƙirga takalma ai ya ƙirga maza.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Ya dawo. Sahun ƙarshe ya tsaya, ni kuma na tsaya kusa da shi, Allah ya yafe mini, rabin sallata a kansa ta ƙare. Da muka sauko ya dubi silifan robana ya wuce. Na fata kawai yake dubawa. Wato masu hali yake nema, waɗanda za a ɗauka a nemi fansa.

Na gaishe shi don in ji bakinsa. Ya ce sunansa Ɗanliti, baduku ne daga Birnin Tudu. Na ce me ya kawo shi kan dutsenmu, masallatai sun ƙare a can ne? Ya ce, "Nema nika yi." Bai ƙara ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na je wurin Liman Isma'ila. Ya ce ɗakin Allah ba a korar kowa, zato kuma zunubi ne. Liman mutumin kirki ne, amma ba ya bin hanyar Maradun da yamma. Daga can na wuce gidan Jibrin, shugaban 'yan sintirin gari. Shi bai yi mini wa'azi ba. Ya ce ranar Juma'a za su jira shi a gindin dutse, in an kama shi da takalmi a hannu, shi ke nan.

Na san ma'anar shi ke nan a bakin Jibrin. Na bara da suka tafi da shi bayan dutse bai dawo ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Gobe zan tsaya cikin manya in ba da shaida, ba zan je da roba ba. Na ce Shatu ta goge mini takalman fatar nan da na saya da damina a Mafara. Ban cika sa su ba, na hagun ya fi tudu, sai in riƙa tafiya a karkace kamar agwagwa.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Abin da ya faru yau sai na rubuta shi.

Da muka sauko Ɗanliti yana zaune a ƙasa, ya rungume takalmi a ƙirji. Mutanen Jibrin suka kewaye shi, wani har ya ɗaga gora. Ko kallonsu bai yi ba. Tambaya kawai yake, "Na wane ne? Don Allah na wane ne wanga?"

Nawa ne.

Ya ɗaga igiyar ya nuna jan zare a ƙarƙashi. Ya ce shi ya ɗinka wa ɗansa Mubarak, ya ƙara wa na hagun fata biyu don ƙafarsa ta hagu gajera ce tun haihuwa. Wata bakwai da aka tare motarsu aka shiga daji da shi, ko waya ba a taɓa kira ba. Tun daga nan yake bin masallatan Juma'a, don nan ne kaɗai maza ke cire takalma su bar su wuri ɗaya.

Sai idanu suka juyo kaina. Jibrin, wanda muka ci tuwo tare ranar Lahadi, ya ce, "Sahabi, ina kas samo su?" Na ce a kasuwa, wurin wani mai shimfiɗa gwanjo. Ya ce wane ne shi? Ban san sunansa ba. Na ji wani a baya yana cewa mahauta ai su ke sayen shanun da ba a tambayar asalinsu. A nan aka haife ni, a kan dutsen nan aka raɗa mini suna, amma na duba fuskoki ban ga wanda ya yarda da ni ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Ɗanliti ne ya miƙe. Ya ce, "Ku ƙyale shi. Wanda yas san abin da anka yi ma ɗiyana ba ya sanyo su zuwa masallaci."

Ba takalmi na dawo gida. Dutsen da zafi.

Asabar, 19 ga Oktoba
Mutum uku kawai suka sayi nama. Shatu ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki, da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 20 ga Oktoba
A gidana Ɗanliti ya kwana biyu, Liman ne ya ce a sauke shi. Ɗanliti bai san ni na kai ƙararsa wurin Jibrin ba. Sau biyu na buɗe baki in gaya masa, na fasa.

Talata, 22 ga Oktoba
Mun zagaya kasuwar Mafara tare har la'asar. Mai gwanjon ba ya nan. Wani mai goro ya ce yana ganinsa wajen Bakura. Ɗanliti ya ce in ya same shi ba rigima zai yi ba, so yake kawai ya ji ko a ƙafar mai rai aka cire su.

Laraba, 23 ga Oktoba
Gobe zai tafi Bakura. Shi kaɗai, baƙo, yana leƙen fuskokin mutane, kuma kowane gari da irin nasa Sahabin. Na ce masa mu tafi tare, dama ina da cinikin shanu a can.

Ba ni da wani ciniki a Bakura.