Kifin da Na Daina Aikowa

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji ka gaya wa Inna wai girman kai ya sa na daina aiko mata busasshen kifi daga Dubai. Ka ji tsoron Allah. Bakin ruwan da nake jefa ƙugiya ranar hutu, inda kifi ke zuba ƙwai cikin saiwoyin itatuwa, kamfaninmu ya cike shi da duwatsu da siminti. Yanzu yini nake ban kama ko ɗaya ba.

Hotona da kake yawon fahariya da shi, a kan makwancin kifin nan nake tsaye.

Gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Kai kuma ka kama bakinka.

Ƙanenka Habu, daga Sonapur