Muryar Baba a Cikin Manhaja

Sri Petaling, Kuala Lumpur

Baba,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taka, yaya Umma? Muna nan lafiya. Gidan yakan yi mini shiru idan maigida ya tafi jami'a, amma na sami abin yi.

A makarantar su jikarka Khaulah, da wata manhajar kwamfuta ta kyauta ake koya musu karatu, wadda kowa ke da izinin gyara ta. Malamarsu ta sa mata harshen Malay, ni kuma ina sa mata Hausa. Idan na gama, firamaren da ka koyar ma za su iya ɗauka.

Saura murya. Don Allah ɗan'uwana Bello ya ɗauki muryarka a waya kana ƙirga da faɗin sunayen dabbobi, yadda kake yi wa 'yan aji ɗaya.

Ranar Juma'a da ka kira Khaulah "amaryata" a waya, ta yi shiru, ba kunya ba ce, Baba. Ba ta gane ba ne. Da ka kashe wayar, da Turanci ta tambaye ni me ka ce.

Ina so ta koyi Hausa a bakin da na koya. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Hureira