Sandar Ruwa da Na Goge

Daren Laraba, a gida

Yau na ji kunya har ƙashina. Kwana uku ina fama da manhajar ƙididdiga, ina zana yadda ƙaramar hukumarmu ke kashe kuɗi, don aikin kammala digirina. Kowane fanni da sandarsa a zanen, tsayinta gwargwadon kuɗinsa: albashi, hanyoyi, ilimi, noma. Ta ruwan sha ta fito 'yar mitsitsiya, ta ɓata mini hoton. Sai na cusa ta cikin "Sauransu". Zane ya yi tsaf, har ina yaba kaina.

Da la'asar na nuna wa Baba, ina ta taƙama. Bai yi boko ba, amma ya ƙura wa sandunan ido kamar mai duba tsayin dawa a gona. Na karanta masa sunayensu.

Ya ce, "To Hadiza, ina ta ruwa?"

Na ce, "Ta yi ƙanƙanta ne, Baba, na haɗe ta da wasu."

Ya dubi Inna tana karkata randa, tana tsiyayar ɗan abin da ya rage, don famfon unguwarmu ya daɗe da mutuwa.

Ya ce, "Su dai sun ba da kaɗan. Ke kuwa kin share shi gaba ɗaya."

Yanzu na mayar da sandar. Hoton ya yi muni. Haka zan kai wa malamina.