Inna ta matse mini hannu

Filinge, daren Lahadi

Yau Rabi maƙwabciyarmu ta ja ni bayan rumbu, ta ce tunda na gama karatun ungozoma in taɓa mata. Ƙullutu ne a nonon hagu, bai kai ƙwayar gujiya ba. Ban ce mata ciwon daji ne ba, don ban sani ba. Na ce ta tafi Yamai a gwada cikin satin nan, tun yana ƙarami.

Ashe uwar mijinta tana jinmu. "Ke ɗiyal lakkwal mai karatun boko, gaya min mace guda da ta tahi Yamai da wanga ciwo ta komo da rai." Ta lissafa mata uku da suka rasu. Dukansu sai da nonon ya fashe aka kai su, amma wannan ba ta faɗa ba.

Inna tana tsaye a wurin da ƙwaryar gero. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka cire mata nono a Yamai saboda irin wannan ciwon, ga ta kuwa har noma take yi. Unguwa duka sun ɗauka jinyar kakata ta je. Na buɗe baki, ta matse mini hannu har farcenta ya shige ni.

A ɗaki na ce, "Inna, kalma guda taki ta isa."

"In an ji, wa zai auri ƙannenki? Cewa za a yi gadon gidanmu ne."

Gobe za a kai Rabi Tabla wajen mai maganin gargajiya. Inna ta ce in bar kuka, za ta sa ta a addu'a.