"Da Sauƙi" Za Ta Cinye Ƙafar Babana

Anti Mardiyya, don girman Allah ki taimake ni. Raina a ɓace yake, har na rasa wanda zan fara yi wa faɗa.

Mahaifina masunci ne a wani ƙauye kusa da Guri, ya haura saba'in, ga ciwon suga. Tun rasuwar Inna ni ke kula da shi, don katanga ɗaya ce tsakanin gidan aurena da nasa. Yau kwana tara ke nan da ya taka ƙurungu a cikin kwalekwale, ƙayar kifin ta shige masa tafin ƙafa. Ƙafa ta kumbura suntum, wurin ya fara baƙi, yana ruwa. Warin kuwa, Anti, sai na danne numfashi nake shiga ɗakin. Tun shekaranjiya zazzaɓi ya ƙi sauka.

Yayana Zaharaddeen yana aiki a Abuja. Bara ya yi wa Baba rajista da likitocin nan da ake gani ta bidiyo a waya. Ba zan ci haƙƙinsa ba, abin ya yi mana rana wajen sugan, mun huta da jigilar Haɗeja duk wata. Amma yanzu shi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Likitar yarinya ce mai kirki, sai dai ba ta jin Hausa, Yaya ne ke shigowa layin yana tafinta daga ofis.

To ki ji abin takaici. Duk ranar da za a kira, sai Baba ya sa a ba shi babbar riga, ya kafa hula, ya shafa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna ya lulluɓe ƙafar da rigar. Likita ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Yaya kuma ya juya mata da Turanci cewa ya samu sauƙi. Shi ke nan, sai ta ce a ci gaba da shan ƙwayoyin da ta rubuta! Ni ke riƙe da wayar. Sau ɗaya na sunkuyar da ita wajen ƙafar, Baba ya watso mini wata harara da ta sa na kusa sakin ta. Wai shi ba zai miƙe wa sa'ar jikarsa ruɓaɓɓiyar ƙafa ba.

Na kira Yaya na ce a kai shi asibiti, ya ce kada na kuskura. Wai ruwa ya cinye hanya, sai an sa tsoho a kwalekwale an ratsa ciyawar kachalla kafin a kai titi, wai wahalar za ta fi ciwon, kuma ai da kunnensa ya ji Baba ya ce da sauƙi. Har da cewa na fiye gaggawa, wai ko na fi likita sani ne? Haba! Shi da bai shaƙi warin nan ko sau ɗaya ba! Ya manta Inna ma da sauƙi ta ce mana da safiyar ranar da ta rasu?

Mijina Shu'ibu ya ce kwalekwalensa a shirye yake, amma ba zai ɗauki suruki ba da yardar babban ɗansa ba. Idan na tsallake maganar Yaya wani abu ya faru a hanya, ni za a zaga har abada. Idan na zauna, ina tsoron ƙafar nan. Yaya zan yi?

'Yar masunci, daga Guri

*

'Yar'uwa, ba zan ja ki da nisa ba: ku kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata ma'aikaciyar jinya wasiƙarki, ba ta bari na kai ƙarshe ba ta ce a gaggauta kai shi. Mai ciwon suga, rauni a ƙafa, baƙi, wari da zazzaɓi: wannan aikin hannu ne. Sai an taɓa, an wanke, an ɗebi jini. Waya ba ta da hanci, ba ta da yatsu.

Ni ma raina ya ɓaci, amma mu yi adalci. Likitar ba ta ga ƙafa ba, hula da babbar riga ta gani. Yayanki kuma ba ƙin Baba yake ba, tsoron hanyar da yake yi gaskiya ne. Kuskurensa ɗaya, kuma abin kunya ne ga ɗan gari: ya fassara "da sauƙi" kamar labari. Yaushe ta taɓa zama labari? Ladabi ce da addu'a. Bahaushe yana kan gargara ma ita zai faɗa, don kada ya zama mai raki ga Ubangijinsa.

Ga abin yi. Lokacin wanke ciwon, ɗauki hoton ƙafar da haske sosai ki tura wa Yaya, ba tare da dogon surutu ba, gani ya kori ji. Ki ce ya tura wa likitar yanzu, ya gaya mata kwana nawa, da warin, da zazzaɓin. Zan yi mamaki idan ba ita ce za ta fara cewa a ɗauko shi ba. In ya yarda, madalla. In ya tsaya jan ƙafa, ki sanar da shi cikin ladabi cewa kun kama hanya. Sanarwa, ba neman izini ba. Ki gaya wa Malam Shu'ibu kunyar suruki ba ta kai ƙafar suruki ba.

Shi kuma Baba, kada ki yi masa gardama. Ki samo limami ko wani amininsa ya tuna masa cewa neman magani ba raki ba ne, kuma a asibiti zai iya neman namiji ya duba shi. Ku tashi da sanyin safiya ko kafin la'asar, a shimfiɗa masa, a ɗaga ƙafar kada ruwa ya taɓa ta, a sa mai Keke Napep ya jira a bakin titi. Ki tafi da duk magungunansa.

Kada ku watsar da likitar waya. Bayan an sallame shi, ita za ta raba ku da jigila. Sai dai daga yau, in an tambayi jiki, a bar Baba ya yi addu'arsa, ke kuma ki ba da labari.

Zagin da kike tsoro yana wucewa, ƙafa kuwa ba ta tsirowa. Allah ya kai ku lafiya, ya sa "da sauƙi" ta gaba da za ki ji daga bakinsa, a tsaye zai faɗe ta, kan ƙafafunsa biyu.

Anti Mardiyya