Rasuwar Kyaftin Sake, Mai Jarraba Matuƙanmu na Ƙarshe

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Ƙungiyar Matuƙan Ƙananan Kamfanonin Jiragen Sama, a madadin Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin mambobinta na sama da waɗanda likita ya sauke ƙasa, tana sanar da samun labarin rasuwar babban malaminta kuma tsohon ma'ajin sirrinta, Babban Kyaftin Mai Horarwa, wanda duk wanda ya taɓa zama a gefensa ya fi sani da Kyaftin Sake. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata da hantsi, yana da shekara hamsin da tara, bayan ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin matuƙa, tsakanin allon jadawali da butar lantarki, da jakar aikinsa a hannu.

Marigayin ya shafe shekara talatin da ɗaya yana tuƙa jiragen nan masu farfela, masu ɗaukar mutum hamsin, waɗanda ke sauka a garuruwan da manyan kamfanoni ba su san da zamansu ba. Laƙabinsa ya samo asali ne daga ɗakin na'urar koyon tuƙi, inda ɗalibi zai sauke jirgi lafiya lau, ya waiwayo yana jiran yabo, shi kuwa ya gyara tabarau, ya ɗaga jan bironsa ya ce, "Fasinja sun tsira, amma ba don kai ba. Sake." Da wannan kalma ɗaya ya yaye kyaftin arba'in da ɗaya. A yau uku ne kacal cikinsu suka rage a ƙananan kamfanoni, domin da zarar matuƙi ya ɗaura igiya huɗu ta kyaftin a kafaɗa, manyan kamfanoni sukan tuna cewa dama sun daɗe suna ƙaunarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mu ga laifin wanda ya tafi ba, kowa da iyalinsa. Shi ma marigayin sau huɗu ana zawarcinsa, yana cewa, "In na tafi, wa zai dafa musu waɗanda za su kwasa?"

Tun da sauran masu jarrabawa biyu na kamfaninsa suka bar aiki shekara uku da suka wuce, shi kaɗai ya rage mai lasisin zama a tashin gwaji, ya sa hannu cewa mataimaki ya isa ya bar kujerar dama ya koma ta hagu, wato ta kyaftin. Saboda haka hutunsa na shekara ya zama abin da ake rubutawa da fensir. Bara likita ya ji abin da bai gamshe shi ba a ƙirjinsa, ya nemi ya koma a zurfafa bincike. Marigayin ya san abin da kowane matuƙi ya sani, cewa binciken da aka zurfafa yakan tafi da takardar lafiya, ita kuma ta tafi da lasisi. A lokacin mataimaka huɗu ne ke layi a hannunsa. Ya ce zai koma da zarar ya gama da su. Ƙungiya tana so a rubuta cewa da yawanmu mun ga yana tsayawa a tsakiyar matakalar jirgi kamar mai duba taya, mun kuma gane ba taya yake dubawa ba, numfashi yake mayarwa, muka yi shiru, domin kowannenmu yana da ranar hutun da ba ya so a taɓa. Laifi tudu ne, yau mun taka namu.

Ya gama da uku. Biyu cikinsu sun riga sun miƙa takardar barin aiki. Na huɗun shi ne abokin aikinmu da ake kira Na-Dama, saboda shekara tara da ya yi a kujerar mataimaki, magidanci mai shekara arba'in da shida, wanda sau biyu ana ɗage ƙarin girmansa don babu wanda zai zauna a gurbinsa. Ranar Alhamis aka tsara masa tashin gwajinsa na ƙarshe. Marigayin bai kai Alhamis ba.

Ƙungiya ta lura da saƙon hukumar kamfanin, wanda ya bayyana marigayin da cewa giɓi ne da ba za a iya cikewa ba, kuma muna tabbatar da cewa wannan karon kamfanin ya faɗi gaskiya tsantsa, tunda shekara uku ke nan bai gwada cike gurbin masu jarrabawar da suka tafi ba. Haka nan mun karɓi uzurin ofishin jadawali, wanda ya buga wayar marigayin da safiyar Laraba don jin dalilin da bai fito aiki ba. Mai ɗakinsa ce ta ɗauka, ta ce, "Bawan Allah, yau dai sai ku yi haƙuri. An ba shi hutun da kuka hana shi."

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga wannan baiwar Allah mai dattako, da 'ya'yansa huɗu, da mahaifiyarsa da ta ga wannan rana da tsufanta, da ƙannensa, da dukkan 'yan uwa da abokan arziki. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen.

Da shugabannin Ƙungiya suka je gaisuwa, mai ɗakinsa ta fito da fayil ɗin horon Na-Dama daga jakar marigayin. Kowane shafi yana ɗauke da sa hannunsa, ban da na ƙarshe. Ta ɗora shi a kan tebur ta ce, "Baban yara ya ce ba zai kwanta asibiti ba sai ya gama da wannan. To, ga shi ya kwanta. Ku da ya koya wa, ku ƙarasa masa."

A ƙa'idar da kamfanin ke bi, horon da ba a rufe da tashin gwaji ba yakan mutu in wa'adinsa ya cika, a koma farko, kuma babu wani aji da za a buɗe nan kusa. Saura kwana goma sha tara. Cikin ɗaliban marigayin da ke manyan kamfanoni, bakwai suna da lasisin jarrabawa mai rai a kan irin jirginmu, kuma an amince ɗayansu ya zo ya zauna a tashin gwajin Na-Dama. Dukansu bakwai sun aiko da ta'aziyya mai ratsa zuciya, har da hotunansu tare da shi, mun karanta, mun gode. Abin da ake nema yini ɗaya ne daga hutun mutum ɗaya. Na-Dama yana zuwa ɗakin matuƙa kullum da safe, da rigarsa a goge. Har zuwa lokacin sa hannu a wannan takarda, babu wanda ya kira.

Sa hannu:
Kyaftin mai ritaya,
Kakaki kuma Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Matuƙan Ƙananan Kamfanonin Jiragen Sama